Darasi na 12: Idan Shadda Ta Tumbatsa, Gyara Na Kan Wa?

A watan Agusta ruwan sama ya fi yawa a ƙasarmu. Gulbin Gagare na Ƙauran Namoda yakan cika. Gulbin Bunsuru na Zurmi ma yakan cika, duka su gangara wajen Shinkafi. Ƙasa takan sha ruwa ta ƙoshi. A lokacin ne shadda ke tumbatsa, kwata ta toshe, ruwan ƙazanta ya komo tsakar gida.

Garuruwanmu ba su da babban bututun gwamnati mai kwashe ƙazantar gidaje, irin na tsakiyar Abuja. Kowane gida da raminsa. Wani shadda gare shi, wani masai na ruwa mai zuba a sokawe. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa ta rariya yake fita zuwa kwata.

Me ke jawo matsalar?

Ruwa ba ya tsami banza. Leda da tsumma da famfas ba sa saurin ruɓewa. In an jefa su a masai, sai su toshe bututu, su cika rami da wuri. Maiƙon miya yakan daskare a bututu, ya riƙe yashi da sauran abinci. Ruwan indararo in ya sami hanyar shiga rami, dare ɗaya sai ya cika shi. Shara kuma in ta cushe kwalbati, ruwan unguwa ba ya samun wucewa. Sai ya juyo ta rariya, ya fara da gidan da ke gangare.

Wannan ruwa cuta gare shi. In ya shiga rijiya, yana kawo amai da gudawa. A shekarar 2021 cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Jiharmu ta Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Yadda za a kiyaye

1. Kada a jefa leda ko tsumma ko famfas a masai. A ajiye musu kwandon shara.
2. A ɗaga bakin shadda ya fi tsakar gida tudu, a yi masa murfi.
3. A kau da ruwan indararo daga ramin.
4. A sa raga a bakin rariya.
5. A kwashe rami tun da sauran rabin mita ya cika. A yi haka da bazara, kafin ruwa ya sauka.
6. Sabuwar shadda ta yi nesa da rijiya da kamar mita 30, kuma ta kasance a gangaren rijiyar.

Gyara na kan wa?

Maigida: Duk abin da ke cikin gida nasa ne, daga masai har bakin rariya. Shi zai nemi masu kwasa, ya biya su. Ya tabbata ba a kwata ko a gulbi za su zubar ba.

Mai gidan haya da ɗan haya: Ginin rami da gyaran bututun da ya tsufa ya fashe na mai gida ne. Toshewar da ɗan haya ya jawo da hannunsa, shi ya kamata ya gyara. Kuɗin kwasa shi ya fi kawo rigima. A yi maganarsa tun ranar kama haya, a rubuta a gaban shaidu.

Maƙwabta: Kwatar lungu ta kowa ce. Kowa ya yashe ta ƙofarsa, a fitar da dagwalon nesa, don kada ruwa ya mayar da shi. Inda aikin ya yi yawa, a yi gayya. Ba daidai ba ne mutum ya jira dare ko saukar ruwa ya buɗe wa maƙwabcinsa ƙazanta. Wannan cin haƙƙi ne.

Ƙaramar hukuma: Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora mata kula da magudanan ruwa na titi, da masan jama'a, da kwashe shara. Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi kowace tana da sashen lafiya da ma'aikatan duba-gari. In babbar kwata ko kwalbati ta lalace, a gaya wa mai unguwa da kansila. A kai takarda sakatariya, a ajiye kwafinta. Wanda ya iya rubutu ya rubuta a madadin unguwa.

In ruwan ya riga ya shigo

A kwashe yara da abinci daga wurin. A sa takalmin roba kafin a taka. A wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan sha. Kada kowa ya shiga rami ko ya ƙyasta ashana a bakinsa, domin iskar ciki tana kisa, tana kuma kamawa da wuta. Wanda ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti nan da nan.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da ke toshe bututu.
2. Yaushe ya fi dacewa a kwashe rami?
3. Mita nawa ya kamata a bari tsakanin shadda da rijiya?
4. Wa ke da alhakin gyaran kwalbatin titi?

Aiki

Rubuta wa shugaban ƙaramar hukumarku wasiƙa mai layi 5 a kan kwatar da ta toshe a unguwarku. Ka faɗi sunan unguwar da inda kwatar take.