Ɗan Fito da Maharbi: Nazarin Motsi Mai Fuska Biyu a Ƙasar Gobir

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana taƙaddama a kan ko harshen Hausa zai iya ɗaukar nauyin koyar da kimiyya. Masu musun suna cewa ba mu da kalmomin. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki darasi guda daga ilimin fiziks, wato lissafin abin da ke motsi ta fuska biyu a lokaci ɗaya, ta warware shi da Hausa. Za a ɗauko misalan daga ƙasar Sabon Birni da Isa, inda mai fiton gulbi da maharbi da yaro mai korar tsuntsaye suka daɗe suna aiki da wannan ilimi, ko da yake ba su rubuta shi ba.

2.0 Adadi Zalla da Adadi Mai Fuska

Abubuwan da ake aunawa iri biyu ne. Akwai waɗanda da zarar an faɗi yawansu magana ta ƙare, kamar tiya goma ta gero, ko kwana uku. A nan za mu kira su adadi zalla. Akwai kuma waɗanda yawansu kaɗai ba ya gamsarwa sai an faɗi inda suka dosa. Idan aka ce mutum ya bar Isa ya yi tafiyar kilomita 20, ba a gaya mana inda yake ba, sai an ƙara da cewa arewa ya yi, wajen Sabon Birni, ko kudu, wajen Shinkafi. Irin wannan shi masana ke kira bekta, mu kuwa za mu kira shi adadi mai fuska. Akan zana shi a takarda da siffar kibiya: tsawonta ya nuna yawa, tsininta ya nuna fuska.

Harshen kansa ya riga ya tanadi wannan bambanci. Aikatau mai ƙarewa da wasalin -o, wanda F. W. Parsons ya sanya a aji na shida a rabe-rabensa na 1960, yana nuna motsi zuwa wajen mai magana. Shi ya bambanta fita da fito, da shiga da shigo, da kai da kawo. Haka nan idan Bahaushe ya ce arewa maso gabas, ya haɗa fuskoki biyu ne ya fitar da ta uku, wanda kuwa shi ne ainihin aikin da za mu yi da alƙaluma.

3.0 Fiton Gulbi

Gulbin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa a yankin Isa, ruwan ya nufi arewa zuwa Sabon Birni, sa'an nan ya karya kudu maso yamma ya bi ta Goronyo da Wurno har Sakkwato. Wannan shi ne gulbin Rima. Da rani yashi ne a mafi yawan wurare, amma a watannin Agusta da Satumba yakan cika, sai manoma da 'yan kasuwa su koma ga kwalekwale.

Mu ƙaddara cewa faɗin gulbin a wani mashigi mita 120 ne. Matuƙi yana iya tura kwalekwale mita 40 a minti ɗaya a ruwan da ke kwance, shi kuwa gulbin yana gangarawa mita 30 a minti ɗaya. Waɗannan alƙaluma na misali ne domin sauƙin lissafi.

Idan matuƙin ya saita hancin jirgi sak ga wancan gaɓar, motsi biyu za su auku tare, kuma babu wanda zai rage wani. Tuƙinsa zai haye da shi cikin minti 3, domin 40 sau 3 shi ne 120. A cikin waɗannan mintoci ruwa ya riga ya gangara da shi mita 90. Ke nan ba zai fita daidai inda ya hanga ba, sai mita 90 ƙasa da wurin.

To, nawa ne gudun jirgin ga wanda ke tsaye a gaɓa yana kallo? Mai gaggawa zai haɗa 40 da 30 ya ce 70. Wannan amsa za ta yi daidai ne kawai da a ce jirgin ya bi gangara. Tun da kibiyoyin biyu sun gitta juna, sai a ɗora gindin ta biyu a kan tsinin ta farko, a ja layi daga mafari zuwa maƙura. Abin da zai fito alwatika ce mai kusurwa ta digiri 90, wadda ƙa'idar Fitagoras ke warwarewa. A ninka 40 da kanta, 1600. A ninka 30 da kanta, 900. Jimla 2500, wadda ita ce 50 sau 50. Gudun jirgin mita 50 ne a minti, a karkace, kuma tsawon hanyar da ya bi a kan ruwa mita 150.

Gwanin fito ba ya yarda ruwa ya zaɓa masa mafita. Yakan karkata hancin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. Abin da yake yi a lissafi shi ne raba ƙarfinsa kaso biyu: kaso ɗaya ya soke gudun ruwa, ɗayan ya haye da shi. Dole kason farko ya zama 30 cif. Saura kuwa ana samunsa ta cire 900 daga 1600, a sami 700, wanda saiwarsa ta kusa 26 da rabi. Zai karkata da kusan digiri 49, ya haye cikin kimanin minti huɗu da rabi. Ya ƙara minti ɗaya da rabi a kan ruwa, amma ya sauke fasinja a inda ake so.

A nan ne darasin ya shafi rai. Idan gulbi ya kawo har gudunsa ya kai mita 40 a minti, duk ƙarfin matuƙin zai ƙare wajen soke ruwa, ba abin da zai rage na hayewa. Idan ya zarce haka, babu wata karkata da za ta fitar da shi daidai da inda ya tashi. Yawan lodi kuma yana nutsar da cikin jirgi, ya rage gudun da matuƙi ke iya samu, ta yadda ruwan da jiya aka haye lafiya yau ya fi ƙarfin jirgin. Shi ya sa masu fito kan ja jirgi can sama kafin su shiga, ko su raba kaya sawu biyu, ko su ce a dakata ruwa ya ja. Fasinjan da ke ganin wannan ɓata lokaci ne bai yi lissafi ba.

4.0 Kibiya da Majajjawa

Masu iya magana sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne a ina, kuma bayan daƙiƙa nawa. Galiliyo, mutumin Italiya, shi ya bayyana a littafinsa na 1638 cewa abin da aka jefa yana motsi biyu ne masu zaman kansu. Na gaba ba ya sauyawa idan aka ɗauke turjiyar iska. Na sama kuwa fizgar ƙasa tana rage shi da mita 9.8 a daƙiƙa, a kowace daƙiƙa. Za mu ɗauke ta a matsayin 10 domin sauƙi.

Mu ɗauki yaron da ke korar tsuntsaye a gonar gero, wanda majajjawarsa ke sakin dutse da gudun mita 20 a daƙiƙa. Idan ya saki dutsen a kusurwar digiri 30, kason sama 10 ne, kason gaba kuwa kusan 17.3. Fizgar ƙasa za ta cinye kason sama cikin daƙiƙa ɗaya, dutsen ya kai mita 5 a sama, ya ƙara daƙiƙa ɗaya wajen saukowa. Cikin daƙiƙa biyun ya ci kusan mita 35 a gaba. Idan ya ɗaga hannu zuwa digiri 60, kason biyu sai su yi musaya. Dutsen zai tashi mita 15, ya yi kusan daƙiƙa uku da rabi a iska, ya faɗi a wannan wuri na mita 35. Mafi nisa yana tsakiya, wato digiri 45, inda dutsen zai kai mita 40. A zahiri iska takan rage waɗannan alƙaluma, ta kuma sa kusurwa mafi nisa ta ɗan gaza 45.

Wannan ya bayyana dabarar maharban dā. Alƙalawa, tsohuwar hedikwatar Gobir da ke kusa da Sabon Birni, birni ne mai ganuwa, kuma bai faɗi a hannun masu jihadi ba sai a 1808, zamanin Sarkin Gobir Yunfa. Maharbin da ke wajen ganuwa yana da hanya biyu zuwa wuri guda. Ta ƙasa ta fi sauri amma ganuwa za ta tare ta. Ta sama ta fi jinkiri amma za ta tsallake ta faɗa ciki. Haka mafarauci da ke saita kibiya sama kaɗan da dabbar da ke nesa, yana biyan bashin da fizgar ƙasa za ta karɓa ne a hanya.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ƙa'ida ɗaya ce ke bayan jirgin fito da dutsen majajjawa: a raba motsi kaso biyu masu gitta juna, a lissafa kowane shi kaɗai, sa'an nan a haɗa su da alwatika. Turawa ma ba a yini ɗaya suka sami kalmomin wannan fanni ba, domin tsarin rubuta bekta da ake koyarwa yanzu sai a shekarun 1880 Gibbs da Heaviside suka daidaita shi, fiye da shekara 240 bayan Galiliyo. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, wato adadi zalla da adadi mai fuska da kason gaba da kason sama da fizgar ƙasa, shawara ce ga malamai da ɗalibai. Hanyar gwada su ita ce a kai su ajin sakandare a Isa ko Sabon Birni, a ba ɗalibi faɗin gulbi da gudun ruwa, a ga ko zai iya faɗin inda jirgi zai fita. Ya kamata kuma masu nazarin Gobiranci su zauna da Sarkawa da masu fito su tattara sunayen da suke ba sassan ruwa da salon tuƙi, domin mai yiwuwa ne a can za a sami kalmomin da suka fi waɗannan dacewa.