Mota Tana Jijjiga, Ta Kasa Hawa

Tambaya: Na sayi mota 'yar Kwatano wata guda ke nan. Tana jijjiga a tsaye, kuma tsakanin Orozo da Karshi ko na taka totur da ƙyar take ja. Me ya same ta?

Amsa: Malam, ina jajanta maka, amma kada ka bari a sauke injin tukuna. Alamar silinda ɗaya ce ba ta ƙona mai. Je ka wurin bakanike a Apo, a jona mata na'urar kwamfuta. In na'urar ta nuna lambar P0300, matsalar ta warwatsu ke nan. P0302 kuwa silinda ta biyu ce kaɗai.

Sai bakanike ya kwance fulogin a gabanka. Duba bakinsa da idonka: in baƙi ƙirin ne da toka, mai ya yi yawa; in jiƙe yake da baƙin mai, mai yiwuwa zoben fistin ya gaji. In fulogi lafiya, a musanya kwayil ɗin da na silinda ta kusa. Matsalar ta bi shi? Ka kama ɓarawon. Bayan nan a duba injekta da famfon mai.

Abin da ke damuna shi ne fitilar gargaɗin injin. In tana ƙyaftawa, ajiye motar yau, domin ɗanyen fetur na ƙona katalis ɗin salansa, gyaransa kuwa da tsada.