Rumbun wasannin kwamfuta

Manomi yana zuba hatsinsa cikin rumbu. Kwamfuta ma tana da rumbunta. A ciki take ajiye rubutu da hotuna da wasanni, ko an kashe ta ba su ɓacewa. Hatsin rumbu da dami ake ƙirga shi, kayan kwamfuta kuwa da giga. Giga 1000 su ne tera 1. Babban wasa guda yana iya cin giga 100, har ma fiye.

Rumbun kwamfuta iri uku ne.

Na farko shi ne mai faifai. A jikinsa ana rubuta HDD. Kamfanin IBM na Amurka ya fara fito da shi a 1956. A cikinsa akwai faifai mai juyawa sau 5400 ko sau 7200 cikin minti guda, da wani ɗan hannu mai kai da kawowa yana karatu. Yana ɗaukar kaya da yawa, kuma yana da araha. Amma yana da nawa, kuma in ya faɗi yana cikin aiki yana iya lalacewa.

Na biyu shi ne marar faifai, wato SSD. Babu abin da ke motsi a cikinsa. Shi ya sa ba ya ƙara, kuma ya fi jure jijjiga. Wasa yana buɗewa da sauri, ba a daɗe ana jira ba. Sai dai kowace giga tasa ta fi ta mai faifai tsada. PlayStation 4, wadda ta fito a 2013, mai faifai aka sa mata. PlayStation 5 kuwa, ta 2020, marar faifai gare ta.

Na uku ruwa biyu ne, sunansa SSHD. Mai faifai ne aka ƙara masa ɗan wuri mai sauri, galibi giga 8. Yana lura da abin da ake yawan buɗewa, ya kwafe shi can. Amma giga 8 ba su isa babban wasa ba. Da SSD ya yi sauƙi, sai aka rage sayen wannan iri.

To, yara, wanne ya kamata a saya? Ku dubi gida. Uwargida ba ta hawa rumbu duk lokacin da za ta yi daka. Akan ɗebo mata hatsin ƴan kwanaki, ta ajiye kusa. Haka mai ƙaramin ƙarfi zai yi. Ya fara sayen SSD mai giga 500, ya sa wasannin da yake yi kullum. In Allah ya hore masa, ya ƙara HDD mai tera 1 ko 2 don ajiyar sauran.

Ku tuna da abu biyu. Rumbu mai sauri yana rage jira ne, ba ya ƙara wa hoton wasa kyau. Sannan tsohon rumbu na hannu yana iya mutuwa da kayanka duka. Kada ka biya sai an gwada shi a gabanka. Araha ba ta ado.

Ma'anar kalmomi
Nawa: rashin sauri.
Ruwa biyu: abin da ya haɗa iri biyu.
Na hannu: wanda wani ya riga ya yi aiki da shi.

Tambayoyi
1. Da me ake auna rumbun kwamfuta?
2. Wane rumbu ne ba ya son faɗuwa? Don me?
3. Me ya sa ruwa biyu bai isa babban wasa ba?

Lissafi
Rumbun Abdu yana da giga 500. Tsarin kwamfuta ya ci giga 60. Wasanni nawa masu giga 110 zai iya zubawa?