DARASI: Falke da Bindigar Farko

Matasa da dama daga cikin masu sauke shanu a Duwala sukan tare mu a Unguwar Hausawa ta New Bell da tambaya guda: wace ƙaramar bindiga ta dace da wanda bai taɓa riƙewa ba? Ba mu ga laifinsu ba. Wanda ya sayar da shanu a Bonendale ya ɗaure kuɗi a ƙugu, ya kuma san abin da 'yan zargina suka yi wa makiyaya a Adamawa, dole hankalinsa ya tashi. To amma amsarmu ita ce, takarda ake fara nema kafin ƙarfe.

Na farko, doka. A Kamaru akwai doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016, wadda ta kasa makamai kashi takwas. Bindigar kare kai tana kashi na huɗu, ta farauta tana kashi na biyar. Saye da riƙewa sai da izinin Ministan Harkokin Cikin Gida. A watan Afrilu na 2018 Minista Paul Atanga Nji ya taɓa hana sayar da bindigogi da harsashi a yankuna shida, ciki har da Litoral inda Duwala take da kuma Adamawa. Saboda haka kafin ka cire ko dala, je ofishin hukuma ka ji halin da ake ciki. Wanda ya raɗa maka cewa yana da "kaya" mai araha ba takarda, guje shi. Ba ka san ran wa aka ɗauka da ita ba, kuma gidan yarin New Bell ba nisa gare shi da mu ba.

Na biyu, iyaka. Wannan shi ne ramin da fatake suka fi faɗawa. Izinin Kamaru a Kamaru ya tsaya. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda lasinsu sai daga Shugaban Ƙasa. Ke nan in ka tsallaka da ita zuwa kasuwar Mubi, takardarka ba ta da amfani, sunanka mai fasa-ƙwaurin makami. Falken da rabin shekararsa a kan iyaka yake, sai ya tambayi kansa: ina amfanin abin da ba zai raka ni inda nake jin tsoro ba?

Na uku, zaɓi, ga wanda ya sami izini. Iri biyu ne. Libarba tana da tulu mai juyawa, yawanci harsashi biyar ko shida, aikinta ba wuya, kuma da ka buɗe za ka ga ko da harsashi a ciki. Fistol ta fi ɗaukar harsashi, amma tana da tarko: ko ka zare gidan harsashin, ɗaya na iya saura a cikin bututu. Nan ne sababbin hannu suke harbin kansu ko na kusa da su. Don haka mai koyo ya fi zama lafiya da mai sauƙin. Kada girma ya ruɗe ka. Ɗauki wadda ta zauna a tafin hannunka, a shago mai lasin, da rasit, ka kuma nemi ƙwararre ya koya maka.

Na huɗu, ladabin riƙo. Ka ɗauka kullum a ɗure take. Kada ka nuna bakinta ga mutum ko da wasa. Yatsa ya nisanci kunama. A gida kuwa, akwati da kwaɗo, harsashi a wani wuri dabam, don gidajenmu cike suke da yara, masaukin baƙi kuma ba ya rabo da jama'a.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, ɓarawo kuɗi yake bi. Zuba cinikinka a banki, ko ka tura ta Express Union, Orange Money ko MTN kafin ka hau mota. Ku yi tafiya a ayari, a bar tafiyar dare, a daina faɗin ranar tashi a majalisa. Masu fashi a gungu suke zuwa da manyan bindigogi, harsashi shida ba zai tare su ba. In an tare ka, miƙa abin da ke hannu. Sai da rai ake neman dukiya.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Amin.