Yadda Ake Tsare Gida da Ɗan Bayan da Ba Shi da Gudu

A ƙungiyar unguwarmu ta Kusfa akwai wani lamba biyar da 'yan kallo suka sa wa ido. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ƙwallon sama ba ta wuce kansa. Amma in aka zo tsere, sai ka rantse da buhun masara a kafaɗa yake gudu. Duk yammacin da aka ci mu, kafin a kira magariba an gama yanke masa hukunci a bakin fili: "Koc, don Allah cire mutumin nan, nauyi gare shi." Ban cire shi ba. Tsayuwarmu ta baya na canza, muka bar bin mutum duk inda ya nufa, muka koma tsaron yanki: kowa ya riƙe gonarsa, wanda ya shigo ya tare shi, in ya fita ya bar wa maƙwabci.

Ana farawa ne da gane irin nauyin da ke jikin yaron, don rashin gudu ba iri ɗaya ba ne. Ka tsayar da shi ya ba raga baya, ka sa wani mai kuzari kusa da shi, ka cilla ƙwallo ta saman kansu sau biyar ko shida, ka zuba ido. Wani takunsa biyar na farko lafiya lau, sai tafiya ta yi nisa ake barin sa. Wani wajen juyawa yake makara, kamar an ce tirela ta yi kwana a lungun cikin gari. Wani kuwa ƙafarsa ƙalau, kansa ne ba ya sammako: sai ƙwallo ta wuce yake tuna cewa akwai mutum a bayansa. Na farko shi ne wanda tsarin nan ya fi yi wa rana. Na biyu ana gyara shi da koyon tsayuwa. Na ukun, gaskiya, tsaron yanki tona masa asiri zai yi, gara ka nuna masa mutum ɗaya ka ce ya bi shi har bakin randa.

Daga nan sai a yanke inda layin baya zai tsaya, kuma a nan ne rabin aikin yake. Cikakken fili irin na manyan gasa tsawonsa mita 105 ne, gidan gola kuma, wanda muke kira sha takwas, zurfinsa mita 16 da rabi. Ke nan daga layin tsakiya zuwa bakin sha takwas mita 36 ne. A ɗauka ɗan gabansu na cin mita 9 a daƙiƙa ɗaya, namu na cin 8. In suka tashi tare daga tsakiya, kafin a kai bakin sha takwas an ba namu ratar mita 4, sai dai ya bi lambar rigar mutum da kallo. In kuwa filin da ke bayansa mita 9 ne kawai, ratar mita ɗaya ce, wadda miƙa ƙafa ko sa kafaɗa ke cikewa. Gudun yaron bai ƙaru ba, filin tseren aka rage.

Masu zuwa gidan kallo sun ga wannan a jikin John Terry. A kakar 2004/05, lokacin da Mourinho ya tsayar da bayan Chelsea kusa da gida, da Ricardo Carvalho a gefen Terry da Makélélé a gabansa, ƙwallo 15 kacal aka zura musu a wasa 38. A 2011 André Villas-Boas ya zo ya tura layin can gaba. A watan Oktoba na shekarar Arsenal ta je har Stamford Bridge ta ɗura musu 5 da 3, aka yi ta cewa Terry ya ƙare. Da Mourinho ya dawo, wannan Terry ɗin da aka ce ya ƙare bai huta ko minti ɗaya ba a gasar 2014/15, yana da shekara 34, suka ɗauki kofi.

To amma kada a ce don haka a tattara a kwanta cikin sha takwas. Wanda ya yi haka ya gayyaci harbi daga nesa, ga hayaniyar da ke jawo fenareti. Mu dai wajen taku goma zuwa goma sha biyar a gaban sha takwas muke kafa layi in ƙwallo na hannunsu a tsakiya.

Abokin tsayuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Kada a haɗa masu nauyi biyu sai dole. Lamba shida ya zama mai ƙafa, lamba biyu ko ukun da ke ɓangaren mai nauyin ya zama wanda ba ya yawan hawa gaba. In duka biyun suka hau lokaci guda, an bar dogo a fili da lamba bakwai ɗinsu, sai addu'a.

Sai igiya. Na samo igiyar guga mai tsawo, na ɗaura wa 'yan bayan huɗu a ƙugu, tsakanin kowane biyu taku goma. Ba ƙwallo, ba abokan hamayya. Ni ne ƙwallon: in na yi dama su zame dama gaba ɗaya, in na matso su ja baya, in na juya musu baya su tako gaba. Igiya ta ɗame, wani ya yi nisa. Ta kwanta ƙasa tana jan ƙura, sun cunkushe wuri guda. Ranar farko yaran da ke dawowa daga makarantar allo tsayawa suka yi suna dariya, wani dattijo mai keke ya tambaya ko raƙuma muke koya wa tafiya. Arrigo Sacchi, wanda ya ci kofin Turai da AC Milan a 1989 da 1990, shi ma ba tare da ƙwallo yakan sa su Baresi da Maldini da Costacurta da Tassotti su yi ta wannan zamiya ba, kuma ƙa'idarsa ita ce kada tsakanin 'yan baya da 'yan gaba ya wuce mita 25. Amfanin abin ga mai nauyi a fili yake: gonarsa taku biyar ce dama, biyar hagu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, igiyar kuwa tsagar take nuna maka tun kafin ranar wasa.

Bayan mako biyu sai a kwance igiya a shigo da ƙwallo, a koya musu abin da ya fi komai wuya: kallon mai riƙe da ƙwallo, ba mai gudu ba. In ɗan tsakiyarsu ya karɓa, namu na manne da shi, kansa a ƙasa, ba zai iya jefa turu ba, sai layi ya tako gaba. In ya juyo ya fuskanci ragarmu, ba kowa a kansa, ya ɗaga kai, to tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo layi ya fara ja da baya. Waɗannan taku uku ko huɗu da aka ci tun ƙwallo ba ta tashi ba, su ne mita 4 ɗin nan da lissafi ya ce za a bar namu da su. A nan kuma ake gyara mai makarar juyawa. Kada ya tsaya ƙafafu a jere yana fuskantar ƙwallo gaba-gaɗi. Ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon ƙwallo, ɗaya na kallon ragarsa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ta yadda in an jefa ba juyawa zai yi ba, tafiya kawai zai ci gaba da ita. Lamba biyar ɗinmu ya fi wata guda yana mantawa. Har yanzu in na yi tsawa na ce "kafaɗa!" ya san da shi nake.

Miƙa mutum kuma da baki ake yin sa. Lamba tara ya ratsa daga gonar wannan zuwa ta wancan, dole a ji murya: "Ga shi nan, naka ne!" "Na karɓa!" "Bar shi, tsaya!" Yawancin ƙwallayen da ake ci a tsaron yanki a kan iyakar gona biyu ake cin su, kowa na zaton na ɗan'uwansa ne. Da yake dogon namu ya fi kowa ganin fili, shi na ba wa bakin. Abin mamaki, tun da ya fara ba da umarni 'yan kallo suka rage ganin nauyinsa.

Mutum biyu ne ke biyan bashin rashin gudunsa, kuma ya kamata a gaya musu tun wuri. Na farko lamba huɗu, wanda aikinsa hana mai jefa turu ɗaga kai. Leicester ta ɗauki gasar Ingila a 2016 da Wes Morgan da Robert Huth a baya, ba wanda ya taɓa kiran ɗayansu mai gudu, amma N'Golo Kanté na gabansu yana share fili. Na biyu gola. Duk wanda ya kalli wasan Jamus da Aljeriya a gasar cin kofin duniya ta 2014 ya tuna yadda 'yan Aljeriya suka yi ta jefa ƙwallo bayan Per Mertesacker, Manuel Neuer na fitowa har wajen sha takwas yana kwashewa. Jamus ta sha da ƙyar, 2 da 1 bayan ƙarin lokaci, kuma a wasa na gaba da Faransa a benci Mertesacker ya zauna. Ko a can, in layi ya yi nisa da gida, nauyi na da farashi. Golanmu ba Neuer ba ne, amma ya koyi barin layin raga ya tsaya wajen ɗigon fenareti in ƙwallo na tsakiya.

Akwai abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba. Tarkon satar gida da mai ɗaga tuta yake aiki. A wasannin unguwa sau da yawa rafali ɗaya ne, yana can tsakiya cikin ƙurar hunturu, in ma akwai masu tuta, wataƙila ɗaya ƙanin lamba tara ɗinsu ne. Mun taɓa takowa gaba mu huɗu kamar a littafi, muka ɗaga hannu, mutum ya fi mu da taku uku, usur bai yi ƙara ba. Muna tsaye hannu a sama aka ci mu. Tun ranar na hana ɗaga hannu. Ana takowa don a matse fili, ba don a jira rafali ba. A tuna kuma tun 1990 wanda ke daidai da ɗan baya bai yi satar gida ba, kuma babu ita a jifa ko bugun kwana ko bugun gola. Ƙasa ma ana duba ta: da rani fili ya bushe ƙamas, ƙwallo na gudu ta tsere wa kowa har hannun gola, da damina ciyawa na riƙe ta, ta tsaya wa ɗan gaba daidai ƙafa, don haka layi ya ƙara ja baya kaɗan.

Saura in ana cin mu, minti goma ya rage. Dole layi ya hau tsakiya, mita 36 ɗin nan ta dawo, babu igiyar da za ta rufe ta. A nan nake kiran wani yaro mai ƙafa daga tsakiya ya koma baya, in ɗaga wa dogo hannu. Ya san alamar. Sai ya kama hanya a hankali, yadda ya saba, ya je ya tsaya a sha takwas ɗinsu yana jiran ta sama.