Zauren Majiyyaci a Intanet: Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwaji Ba Tare da Firgita Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti neman magani ya san kati da fayil. Majiyyaci yakan yanki kati ya riƙe a aljihu, shi kuwa fayil yana can ɗakin ajiya, sai ma'aikaci ya ɗauko shi ya kai gaban likita. Abin da likita ya rubuta a ciki tsakaninsa ne da abokan aikinsa. Mai ciwon, wanda a kan jikinsa ake maganar, shi ne na ƙarshen sani. Haka al'amarin yake a kusan ko'ina a duniya har zuwa ƙarshen ƙarnin da ya gabata.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Denmak wannan tsari ya sauya. Majiyyaci yana iya buɗe fayil ɗinsa daga gida ta wayar hannu ko kwamfuta, ta wani keɓaɓɓen shafi na intanet wanda asibiti ko hukumar lafiya ta tanada. A wannan maƙala za mu kira shafin da sunan zauren majiyyaci, domin kamar yadda zaure yake mashigar gida, haka shafin yake mashigar mutum zuwa ga bayanan lafiyarsa. Manufarmu ita ce mu nuna yadda zauren yake aiki, sannan mu tsaya a kan abin da ya fi wuya, wato fahimtar abin da mutum ya tarar a ciki.

Abin da ke cikin zauren

Mai son shiga yakan yi rajista a asibitinsa, a tabbatar da cewa shi ne mai fayil ɗin, sannan ya zaɓi sunan shiga da kalmar sirri. Idan ya shiga zai ga sakamakon gwaje-gwajen da aka yi masa, da jerin magungunan da aka rubuta masa, da allurar rigakafin da ya karɓa, da abubuwan da jikinsa ba ya jituwa da su, da kuma bayanin da likita ya rubuta bayan ganawarsu. Yana iya neman ranar ganin likita, ko ya roƙi a sabunta masa takardar magani, ko ya aika wa likita da gajeriyar tambaya. Iyaye na iya samun izinin duba fayil ɗin ƙananan 'ya'yansu, haka kuma tsoho na iya wakilta ɗansa.

Taƙaitaccen tarihi

Denmak ta buɗe zaurenta na ƙasa baki ɗaya, mai suna sundhed.dk, a shekarar 2003. Estoniya ta kafa rumbun bayanan lafiya na ƙasa a 2008. A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa ta fitar da manhajar NHS App ga jama'a a 2019. A Amurka, inda asibitoci masu zaman kansu suka fi yawa, doka ce ta tura al'amarin gaba. Dokar HITECH ta 2009 ta ware kuɗi domin asibitoci su bar takarda su koma kwamfuta. A watan Disamba na 2016 aka sa hannu a wata doka wadda ta hana toshe wa majiyyaci bayanansa, ƙa'idojin aiwatar da ita kuma suka fara aiki ranar 5 ga Afrilu, 2021. Tun daga lokacin, a asibitoci da dama sakamakon gwaji yakan faɗo cikin zauren da zarar ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje, sau da yawa kafin likita ya sa masa ido. Zauren da ya fi shahara a can shi ne MyChart na kamfanin Epic da ke jihar Wiskonsin.

Abin da bincike ya nuna

Da farko likitoci da yawa sun ji tsoron cewa buɗe fayil zai ruɗa majiyyata. A 2010 Dakta Tom Delbanco da abokiyar aikinsa Jan Walker suka jagoranci wani gwaji mai suna OpenNotes, inda likitoci 105 a Boston da Siyatil da karkarar Fensilbaniya suka bar majiyyatansu su karanta bayanan da suke rubutawa. Da aka wallafa sakamakon a 2012, an ga cewa kashi 99 cikin ɗari na majiyyatan da suka amsa tambayoyi suna son a ci gaba, kuma babu likita ko ɗaya da ya janye bayan kammala gwajin. Daga cikin masu shan magani, kashi 60 zuwa 78 cikin ɗari sun ce sun ƙara kiyaye ƙa'idar shansa.

Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin biyar na masu karanta bayanan likita ya ce ya tarar da kuskure a ciki, kamar sunan magani ko tarihin ciwo da ba daidai ba. Ke nan idon majiyyaci ƙarin tsaro ne ga lafiyarsa. Har ila yau, a wani bincike na 2023 da aka yi a kan mutum fiye da 8,000 a Amurka, kusan kashi 96 cikin ɗari sun ce sun fi son ganin sakamakonsu nan take, ko da likita bai duba ba. Sai dai binciken ya nuna cewa waɗanda sakamakonsu ya saɓa wa yadda aka saba gani sun fi shiga damuwa. Wannan damuwa ita ce darussa uku da ke tafe za su yi ƙoƙarin magancewa.

Darasi na farko: jar alama ba hukunci ba ce

Mu ƙaddara wani ɗalibi da ke karatu a Amurka ya je an ɗebi jininsa da safe. Da tsakar dare wayarsa ta yi ƙara, ya buɗe zaure, ya ga layuka goma sha huɗu na alƙaluma, ɗaya daga ciki da jar alama. Likita ba zai amsa saƙo ba sai gari ya waye. Me wannan alama take nufi?

A gefen kowane sakamako akan rubuta lambobi biyu, ta ƙasa da ta sama, waɗanda za mu kira zangon ma'auni. Ga gwaje-gwaje da yawa, yadda ake samun zangon shi ne a auna jinin mutane masu lafiya, a jera sakamakonsu daga ƙarami zuwa babba, sannan a ɗauki kashi 95 cikin ɗari na tsakiya. Sauran kashi 5, rabi a sama rabi a ƙasa, sun faɗa waje, alhali lafiyarsu lau. Ma'ana, a kowane gwaji irin wannan, mutum ɗaya cikin ashirin na masu lafiya zai sami jar alama.

Yanzu sai mu yi ɗan lissafi. Yiwuwar mai lafiya ya faɗa cikin zango a gwaji ɗaya ita ce 0.95. Idan gwaje-gwajen goma sha huɗu ne, kuma muka ɗauka cewa babu wanda ya dogara da wani, sai mu ninka 0.95 da kanta sau goma sha huɗu, mu sami kimanin 0.49. Wato cikin masu lafiya ɗari, 49 ne kawai za su fita ba alama ko ɗaya; sauran 51 za su ga aƙalla guda. Idan gwaje-gwajen sun kai ashirin, adadin yakan haura zuwa 64. A zahiri wasu gwaje-gwajen suna da alaƙa da juna, don haka lissafin kwatanci ne, amma darasin bai sauya ba. Kwamfuta ce ke sa alamar, ita kuwa ba ta san shekarun ciwon mutum ko abin da ya kawo shi asibiti ba. Abin dubawa shi ne nisan da sakamakon ya yi da zango, da kuma yadda yake idan an kwatanta shi da na baya. Zaure da yawa suna nuna wannan kwatanci a zane.

Darasi na biyu: a duba ma'aunin da aka yi amfani da shi

Kamar yadda mudu da tiya suka bambanta a kasuwa, haka ma'aunan ɗakin gwaji suke. Amurka na auna sukarin jini da mg/dL, Ingila kuwa da mmol/L. Domin a mayar da na farko zuwa na biyu sai a raba da 18. Mutumin da ya saba ganin 5.5 a takardarsa, idan ya ga 99 a sabon asibiti zai iya zaton ciwo ya ci ƙarfinsa, alhali abu ɗaya ne. Iyakar da ake fara zargin ciwon sukari da ita, idan mutum ya kwana bai ci komai ba, ita ce 126 mg/dL, wato 7.0 mmol/L, kuma galibi sai an maimaita gwajin kafin a tabbatar.

Darasi na uku: jini ba iri ɗaya ba ne

Wannan darasi ya shafi 'yan Afirka ta Yamma kai tsaye, musamman masu zama ko neman magani a ƙasashen Turai da Amurka. Mafi yawan mutanen yankinmu ba su da wani sinadari da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu. Wannan gado ne mai amfani, domin yana ba da kariya daga wani nau'in ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai suna Plasmodium vivax. Masu wannan gado sukan kasance da ƙarancin nutirofil a gwaji, wato wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, ba tare da hakan ya ƙara musu kamuwa da ciwo ba. Da yake an gina zangon ma'auni na asibitoci da dama a kan jinin Turawa, lafiyayyen Bahaushe zai iya ganin jar alama a wannan layi shekara da shekaru. Wajibi ne ya nuna wa likita domin a tantance, amma ba abin hana barci ba ne.

Misali na biyu shi ne gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku. A ƙa'idar Amurka, ƙasa da 5.7 cikin ɗari lafiya ne, 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 zuwa sama kuwa alamar ciwon sukari ce. Gwajin ya dogara ne da cewa jajayen ƙwayoyin jini na rayuwa kimanin kwana 120. Ga mai ciwon sikila kuwa, ƙwayoyin kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, don haka sakamakon na iya fitowa ƙasa da gaskiya. A nan haɗarin ya juya: babu jar alama, amma ciwon na iya kasancewa. Mai sikila ya kamata ya tunatar da likita, domin a yi masa gwaji ta wata hanya.

Saƙo da sirri

Akwatin saƙo na zaure an yi shi ne domin tambayar da za ta iya jiran kwana ɗaya ko biyu. Ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko shanyewar ɓarin jiki, ba a rubuta musu saƙo. Asibiti ake nufa nan take. Haka kuma bai halatta mutum ya daina shan magani ko ya sauya adadinsa ba saboda wata lamba da ya gani. Wanda ake jiran sakamako mai nauyi a kansa, kamar gwajin ciwon daji, yana da kyau ya shirya da likitansa tun farko ko zai buɗe shi kaɗai ne ko zai jira su zauna tare.

Game da sirri, abin da ya faru a Amurka a watan Fabrairu na 2024 ya isa ishara. Ɓarayin intanet sun kutsa cikin kwamfutocin kamfanin Change Healthcare, mai sarrafa takardun biyan kuɗin asibiti, lamarin da ya shafi bayanan mutum kimanin miliyan 190. Shugaban uwar kamfanin ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa sun shiga ne da kalmar sirri ta sata, ta wata mashiga da ba ta da mataki na biyu na tantancewa. Ba zauren majiyyaci suka fasa ba, amma darasin ya shafe shi: a zaɓi kalmar sirri wadda ba a amfani da ita a wani wuri, a kunna tsarin da ke turo lamba ta waya a duk lokacin shiga, a kuma fita daga zauren idan an yi amfani da na'urar wani.

Kammalawa

Zauren majiyyaci ya mayar wa mai ciwo da abin da tun asali nasa ne, wato labarin jikinsa. Bincike ya nuna cewa wanda ke karanta fayil ɗinsa ya fi kiyaye magani, ya kuma fi gano kuskure. Amma lamba ita kaɗai ba ta gano ciwo. Saboda haka duk wanda ya buɗe sakamakonsa ya yi wa kansa tambaya huɗu: da wane ma'auni aka auna, yaya nisansa da zango, yaya yake a gwajin baya, kuma akwai wani abu a jinina da zai iya sauya ma'anarsa? Abin da ya shige masa duhu sai ya rubuta ya kai wa likita, domin matambayi ba ya ɓata.