YAƘIN SAKKWATO DA GOBIR A KWARIN RIMA

Ƙasar da ke gabashin Sakkwato, watau Wurno da Goronyo da Rabah da ƙauyukansu irin su Tursa, ta yi shekara fiye da 50 tana bakin daga. Yaƙin kuwa tsakanin maƙwabta biyu aka yi shi, Daular Sakkwato da Gobir. An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu su san yadda yaƙin ya gudana, da dalilin da ya sa aka kafa waɗansu garuruwansu a inda su ke.

1. Ƙasar da aka yi yaƙi a kanta

Gulbin Rima yana gangarowa daga arewa maso gabas, ya bi ta Goronyo da Wurno. Gulbin Sakkwato kuwa yana zuwa daga gabas, ya bi ta ƙasar Rabah, sa'an nan su haɗu kusa da birnin Sakkwato. A tsakaninsu akwai dajin Gundumi, wanda a zamanin nan ba shi da gari, ba shi da ruwa da rani. Tun da ya ke da rani a ke fita yaƙi, bayan an kawar da amfanin gona, tilas rundunar da ke da dawakai ta bi gulbi don ruwa da ciyawa. Saboda haka wanda ya riƙe kwarin Rima ya riƙe ƙofar Sakkwato.

A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya gina Alƙalawa a bakin Rima ta zama babban birnin Gobir. Kufanta yana nan kusa da Sabon Birni. Daga nan ne sarakunan Gobir suka mallaki kwarin har zamanin Yunfa.

2. Daga Gudu zuwa Alƙalawa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni na wannan shekara aka kara a Tabkin Kwatto. Yunfa ya zo da barade masu lifidi da Abzinawa, jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Malam Abdullahi, yawancinsu dakaru ne 'yan baka, dawakinsu kaɗan. Kibiya ta rinjayi doki, rundunar Gobir ta watse.

Amma cin nasara a fili daban, cin birni mai ganuwa daban. Da jama'a suka matso Alƙalawa a ƙarshen 1804, Gobirawa da Abzinawa suka auka musu a Tsuntsuwa, aka yi musu ɓarna mai yawa. An ce mutum wajen 2,000 suka rasu a ran nan, cikinsu da mahaddata Alkur'ani wajen 200. Sai bayan da aka sami Kabi da Zamfara da Katsina, aka yanke wa Gobir masu taimako, sa'an nan birnin ya ciwu. A watan Oktoba na 1808 Muhammadu Bello, da Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, da Namoda, suka shiga Alƙalawa, aka kashe Yunfa. A 1809 aka fara ginin Sakkwato. Bello ya ba da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe a littafinsa Infaƙul Maisuri.

3. Birni ya faɗi, yaƙi bai ƙare ba

Gobirawa sun rasa birni, amma ba su rasa sarauta ba. Suka ja da baya, suka naɗa sabon sarki, suka nemi dangantaka da Katsinawan da suka kafa Maraɗi, da waɗansu Abzinawa. Da Shehu ya rasu a 1817, tawaye ya tashi ko'ina, har Abdussalami na Kware, wanda ke kusa ƙwarai da Sakkwato, ya fita daga ɗa'a, sai a farkon 1818 aka ci garinsa.

Daga nan yaƙin ya sake kama. Maimakon runduna ta tari runduna, sai mahaya su keto daji da dare, su faɗa wa ƙauye da asuba, su kwashe mutane da dabbobi, kafin kuwwa ta kai Sakkwato sun yi nisa. Idan Sarkin Musulmi ya tara runduna ya bi su, sai su shige bayan ganuwa. Wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya ga haka da idonsa a watan Oktoba na 1826, sa'ad da Bello ya kewaye Konya, mazaunin Sarkin Gobir na lokacin. Rundunar tana da yawa ƙwarai, amma bindigoginta kaɗan ne, ba ta kuwa da abin fasa ganuwa. Aka wuni ana harbi, aka tashi ba a ci garin ba.

4. Dabarar ribaɗi

Maganin da Sarkin Musulmi Bello ya yi wa wannan hali shi ne ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda mazaunansa su ne masu tsaronsa. Ya fara zama a Magariya, daga baya ya gina Wurno a kan tudun da ke duban fadamar Rima, kamar mil 20 daga Sakkwato, ya mai da ita mazauninsa. Ta haka ya sa kansa tsakanin abokan gaba da birnin mahaifinsa.

Sauran garuruwan ribaɗi ya danƙa su ga 'ya'yansa da 'yan'uwansa. Aliyu Babba ya zauna Shinaka, Fodiyo ya zauna Lajinge, Isa autan Shehu ya riƙe Kware, Gandi kuma ta tsare hanyar Gulbin Sakkwato. Rabah ta zama gidan ɗansa Abubakar Atiku, wanda ya yi Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877, shi ne kuma kakan Sardauna Ahmadu Bello.

Amfanin ribaɗi iri uku ne. Na farko, yana sa ido a kan mashigin gulbi da rijiyoyi, har mahara ba su iya wucewa ba a ga sawunsu ba. Na biyu, manoma suna da wurin gudu da iyalinsu da hatsinsu. Na uku, yana cika daji da mutane. Domin haka ne Bello ya riƙa jawo Fulani makiyaya su zauna a gari, su yi noma, su yi kiwon dawaki, su sa 'ya'yansu karatu. Garin da ke ciyad da kansa ba ya jiran guzuri daga Sakkwato kafin ya tsare ƙofarsa.

5. Gawakuke da Tsibiri

Sarkin Gobir Ali ya taɓa yin amana da Bello. Ana ba da labari cewa waɗanda ba su yarda da amanar ba suka aika masa da wuƙaƙen fawa, wai ya zama mahaucin Fulani, gorin nan ne ya sa ya warware alkawari. Ya haɗa kai da Sarkin Katsina na Maraɗi, Rauda, da Ibra shugaban waɗansu Abzinawa. A 1836 Bello ya fita da kansa, ya keta ƙasa mai ƙarancin ruwa, aka haɗu a Gawakuke cikin Gobir Tudu. Ali da Rauda suka mutu a fagen fama, Ibra ya tsere. Wannan shi ne babban yaƙin Bello na ƙarshe. Ya rasu a Wurno a 1837, kabarinsa yana can.

Ko wannan nasara ba ta kashe wutar ba. Gobirawa suka naɗa Mayaƙi, ya kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Sarkin Musulmi Atiku ya kai wa Tsibiri yaƙi a 1842, ya sami rauni, ya rasu a Katuru kan hanyar komowa. Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, ya zauna Wurno kamar mahaifinsa. Bajamushen nan Barth, da ya keto Gundumi dare da rana ba hutawa a 1853, ya iske Aliyu a sansani yana shirin fita yaƙi, ya kuma tarar mutanen Wurno suna zaune cikin tsoron harin Gobirawa. Duk da haka mahara ba su ci Wurno ko Sakkwato ba.

6. Yadda aka ƙare

Abin da takobi ya kasa, shawara ta yi rabinsa. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, 1859 zuwa 1866, wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya rabu da Tsibiri, ya yi amana da Sakkwato, aka yarda masa ya gina Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa. Gobir ta rabu biyu ke nan. Amanar takan yi ƙarfi, takan yi rauni, har Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Da Ingila da Faransa suka daidaita iyakarsu a 1904 da 1906, Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. Shi ya sa yau Tsibiri ta ke Jamhuriyar Nijar, Sabon Birni kuwa a Jihar Sakkwato, alhali gidan sarauta ɗaya ne.

7. Abin da ya shafi hakimai da malamansu

Jikokin waɗanda suka yi wannan yaƙi yau maƙwabta ne, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, ba kuwa a ba da labarin don tayad da tsohuwar gaba ba. Amma ƙasar ba ta canja wuri ba. A 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun addabi wannan yanki, har sun kai hari kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, kuma ƙauyuka da yawa sun tashi. Abin da magabata suka gane shi ne, runduna takan zo ta koma, wurin da mutane suka bari kuwa mahara ne ke gadonsa. Saboda haka ya kamata hakimi ya san kowane ƙauye da ya tashi a ƙasarsa, da inda mutanensa suka koma, da abin da zai sa su dawo, ya kuma kai rahoto ga hukuma da wuri.

Malaman hakimai kuma su zauna da dattawan kowane gari tun suna da rai, su rubuta sunan wanda ya kafa garin, da zamanin Sarkin Musulmin da aka kafa shi, da inda ganuwa da ƙofofi da tsofaffin rijiyoyi su ke. Su rarrabe abin da aka gani a rubuce da abin da aka ji a baki, su ajiye takarda ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya kuma a aika wa majalisar Sarki.